Ramuka Biyun da Na Toshe

Ni kafinta ne a Gure, kuma a shekarun da abin nan ya faru ba na ganin kowane mai riƙe zarto da gashi. Shekarata arba'in da 'yan kai, ina da shago kusa da tasha, kuma abin da aka san ni da shi shi ne akwatin ƙanƙara. Masu kawo ƙanƙara daga Damagaram lokacin azumi duk ni ke yi musu akwati: katako ciki, katako waje, tsakani in danna dussar katako har sai ba inda iska za ta bi. Ƙanƙarar da aka sa a akwatina sai ta kwana biyu ba ta zama ruwa ba. Wannan ya sa na ɗauka duk abin da ya shafi sanyi a tafin hannuna yake. Ina da baki, ina son yabo, kuma idan ƙarami ya gyara mini magana sai in ji kamar ya mare ni. Na rubuto muku ne domin na gaji da ɗaukar abin ni kaɗai.

Matata tana da ƙani, saurayi mai sanyin hali wanda ya yi karatun lafiyar dabbobi, ya samu takardar izinin yi wa awaki da tumaki allurar rigakafi a daji. Shekaru ya yi yana bin rijiyoyi a kan babur yana lallashin makiyaya, domin da yawansu ba su yarda da allura ba. Ya sha nono da su, ya kwana a tabarmarsu, ya karɓi haihuwar raƙumansu, har a hankali suka fara buɗe masa garke. Wanda ya fara yarda da shi wani dattijo ne mai awaki da yawa a wajen Gamu, wanda ke kiransa ɗansa, kuma idan ya yi magana sauran ba su musu. Shi ƙanin matata ba shi da gida nasa, ba shi da mata, abin da ya tara a duniya shi ne wannan yardar. Ni kuwa wasa ne tsakanina da shi, kamar yadda aka saba tsakanin mutum da ƙanin matarsa. Likitan akuya nake ce masa, shi kuma Yaya yake kirana, yana dariya.

Da ya samu hali sai ya sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya, ya kawo mini ita ya ce in gina masa ɗan ɗaki a kanta: gado, kanta ta magani, da wurin firigo, wato firji. Firigon ɗan ƙarami ne, yana aiki da batir, batir ɗin kuma yana shan rana daga pano, wato faifan sola, da ke kan rufi. A cikinsa zai riƙa ajiye maganin allurar, wanda ya ce mini idan ya ji zafi ya mutu, ko da kwalbar ba ta canza kama ba. Ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in bar faɗin tafin hannu tsakanin bayan firigon da bango, in huda ramuka biyu a bangon, ɗaya ƙasa ɗaya sama, in sa musu raga, sannan in ɗaura 'yar fanka a na saman. Ya ce injin da ke bayan firigon, wanda masu gyara ke kira kompiresa, zafi yake kwasowa daga ciki yana zubarwa waje, idan bai samu inda zai zubar ba sai ya gaji ya tsaya. Na yi dariya har da riƙe ciki. Na tambaye shi ko a makarantar tasu ba a faɗa masa cewa a Gure yashi yana shiga har cikin gwangwanin da ba a buɗe ba, shi ne zai huda wa ɗakinsa hanci biyu. Na ce tun yana rarrafe nake tsare sanyi, kuma ban taɓa ganin sanyin da aka tsare da rami ba. Ya ce Yaya ya yi haƙuri ya yi yadda ya ce, wannan ba ƙanƙara ba ce. Bai ɗaga murya ba, bai kuma maimaita ba, domin ni babba ne.

Na yi yadda ya ce yana tsaye. Na huda ramukan, na sa ragar, na ɗaura fankar, ya duba ya yi godiya. Washegari ya hau motar haya ya tafi Damagaram ɗauko magani, ya bar tasa a shagona kwana biyu. A cikin kwana biyun nan na janyo firigon, na rufe ramukan ta ciki da falle-fallen katako, na cika 'yan buhuna da dussa na cusa su a wancan faɗin tafin hannun har ya toshe tsaf, na mayar da komai inda yake. Ta waje raga tana nan, fanka tana juyi tana ƙara, ba mai cewa an taɓa wani abu. Wallahi ban yi da mugunta ba. A raina kyauta na yi masa. Niyyata idan ya dawo yana yabon sanyin firigonsa in tara mutane in janyo buhunan a gabansu, in ce ga aikin jahili ya fi na ɗan lakwal mai karatun boko. Dariyar da za a yi kawai nake hange.

Ya tafi daji a tsakiyar bazara, lokacin da dabbobi ke taruwa a rijiyoyi, ya yi mako uku. Yana duba ma'aunin sanyi safe da yamma kamar yadda aka koya masa, kullum yana ganin lafiya lau. Abin da bai sani ba, da rana ta take, shi yana can cikin garke da 'yar jakar sanyinsa, injin yana shaƙewa da nasa zafin ya tsaya cak, cikin firigon ya ɗume, sai rana ta yi sanyi ya sake tashi. Duk dabbar da ya yi wa allura yana yanke mata ɗan gefen kunne, shaidar an yi mata. Ya dawo baƙi ƙirin da rana, yana murna, ya ce bai taɓa samun karɓuwa irin ta bana ba, dattijon nan da kansa ya riƙa zagawa da shi. Cikin hira ya ce abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai: wata rana da azahar ya jingina da bangon motar ta wajen firigo ya ji kamar ya taɓa tukunya a kan wuta. A ranar ya kamata in buɗe baki, da an sake allurar gaba ɗaya kafin komai ya faru. Sai na ce masa ai ƙarfe ne da ranar bazara, na kawo wata hira.

Bayan wata biyu cutar ta shigo, mai sa awaki zawo da majina da gyambon baki. Makiyaya suna da dabararsu tun kaka da kakanni: da sun ji labarin cuta a wata rijiya sai su kwashe su yi nisa. Waɗanda suka ƙi allura haka suka yi, kuma da yawansu sun tsira. Waɗanda suka yarda da ƙanin matata kuwa suka zauna daram, suna shayarwa tare da kowa, domin ya ce musu dabbobinsu sun samu kariya. Masu yankakken kunne suka riƙa faɗuwa kamar ba a taɓa yi musu komai ba. Wannan shi ne abin da har yau ke ci mini rai: waɗanda suka ji magana su suka rasa.

Abin da na yi daga nan shi ne ainihin laifina. Motar a shagona take kwana. Da na ji an ce za a turo mai gyara daga Damagaram ya duba firigon, sai wata Juma'a da hantsi na ja ƙofa na janye shi. Dussar da ke jikin injin ta yi baƙi-baƙi, tana warin ƙuna. Na fitar da buhunan, na ɓamɓare katakon, na share wurin tas, na zuba dussar a cikin tulin da ke bayan shago. Mai gyara ya zo, ya ga ramuka a buɗe, fanka na juyi, ya bar firigon a rana yini guda yana aunawa, ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya yaba wa kafintan da ya yi aikin. Ina tsaye na amsa yabon. Tunda firigo ba shi da laifi, kuma irin maganin ya yi aiki a wasu wurare, sai zance ya koma kan mutum ɗaya. Aka ce ya sayar da maganin gaske ya ɗura wa dabbobin mutane ruwa.

Ranar kasuwar dabbobi dattijon nan ya shigo Gure da ɗan buhu a kafaɗa. Ya sami ƙanin matata a bakin kasuwa, bai gaishe shi ba, ya zazzage buhun a gabansa. Kunnuwan awaki ne busassu, kowanne da yankansa. Ya ce ga shaidarsa nan ya dawo masa da ita, ba ya so. Yaron nan ya durƙusa yana rantsuwa, yana kuka, ba wanda ya kalle shi. Ina cikin mutanen da suka taru. Na kama hannunsa na kai shi gida, kowa yana cewa Allah ya saka mini. Aka karɓe takardarsa, ya sayar da motar, ya koma Damagaram yana sayar da abincin dabbobi a rumfar wani. Matata ta rame saboda baƙin cikin ɗan'uwanta, tana ta addu'a Allah ya tona asirin duk wanda ya yi masa wannan abu, ni kuwa ina cewa amin ina cin tuwonta.

Shekara biyu na yi a haka. Sai muka samu ɗa namiji, matata ta roƙe ni a sa masa sunan ƙaninta, ta ce ba ta so sunan ya mutu a garin nan a wulaƙance. Ƙanin nata ya zo suna, ya rame, ya ɗauki jaririn yana murmushi yana ce mini Yaya ya yi masa karamcin da ba zai manta ba. Na kasa jurewa. Bayan an watse na ja shi cikin shago na faɗa masa komai, tun daga buhunan har Juma'ar nan. Na zaci zai zage ni ko ya kai mini hannu, kuma da na fi so. Bai yi ko ɗaya ba. Sai ya ce duk wannan lokacin yana kwana yana tashi da tunanin ko shi ne ya yi wani kuskuren da bai sani ba, har ya daina yarda da hannunsa. Ya ce ba shi ne ke bukatar jin wannan labari ba, in je in faɗa wa masu awakin. Tun ranar bai sake yi mini wasa ba. Yana gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Matata ta ji, ta tafi gidansu wata uku, ta dawo saboda yara.

Na hau babur na je wajen Gamu na nemo dattijon. Na same shi yana kiwon dabbobin wani, shi da a da ake kiwo a ƙarƙashinsa. Ya tara 'yan'uwansa a inuwa, na zayyana musu komai, har na zana musu ramukan a kan yashi. Suka saurare ni har ƙarshe. Sannan dattijon ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya, ya ce lallai ni mutumin kirki ne, ba kowa ne zai yi wannan tafiya ya ɗora wa kansa laifi don ya wanke ƙanin matarsa ba. Ya ce ai da kunnensa ya ji mai gyara ya ce firigon lafiya lau yake, kuma da abin da na faɗa gaskiya ne da tun ranar kasuwa na faɗa, tunda ina wurin. Na rantse, ya ce in daina rantsuwa kada in ɗauki zunubi saboda wani. Na tambaye shi ko za su yarda a yi wa sauran dabbobinsu allura idan wani ya zo. Ya ce allura ba za ta ƙara taɓa kunnen akuya a zuriyarsa ba.

Abin da na koya na biya shi da rayuwar wani, shi ya sa ba ni da bakin yin wa'azi, amma zan faɗa. 'Yan'uwana masu aikin hannu, firigo ba akwatin ƙanƙara ba ne. Idan za ku girka shi a mota ko a ɗaki, ku bar masa sarari a baya, ku buɗe masa hanyar iska ƙasa da sama, yashin da zai shiga a share shi da buroshi. Idan mai abu ya ce ga yadda yake so, ko jiya aka haife shi, ku yi masa ko ku ce ba za ku iya ba, kada ku gyara masa a bayan idonsa. Wanda kuma ya riga ya yi ɓarna, ya faɗa tun ana iya dubawa a gani. Ni na jira, na share shaidar da hannuna, ranar da na kawo gaskiyar ba ta da mai saye. Har yau a rijiyoyin nan ni ne mutumin kirki, shi kuma ɓarawo.