Lalla Zhor da Awa Ɗayan Azumi

Shekara talatin da ɗaya, ƙarfe bakwai ba ta taɓa cika ba tare da Lalla Zhor Ouhammou ta iso tasharmu ta tauraron ɗan'adam daga gidanta da ke garin Sale ba. Kafin ta cire mayafin sanyi sai ta tsaya gaban allon da muke rubuta lokutan da tauraron zai gifta ta samanmu, ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Ko minti biyar ka ce mata, sai ta ce, "Da agogon wa?" Wallahi ta ishe mu. Ni Mbarek, da na yi shekara sha tara a gefen teburinta, na fi kowa yi mata tsiya.

"Lalla, ko shayi aka ce ya dahu sai kin tambayi agogo?"

"Kai dai sha naka, Si Mbarek, surutunka ya fi aikinka."

Makon jiya ta yi ritaya, aka ba ta takardar yabo da farantin azurfa. Babu wanda ya faɗi abin da zan faɗa, don ni kaɗai ya shafa.

Wata shekara, rana ta biyu ga azumi, ruwa ya ɓalle a kan duwatsun Atlas, laka ta rufe hanyar ƙauyenmu, waya ta mutu. Mahaifiyata tana can, ga ciwon suga, allurarta ta kusa ƙarewa. Masu ceto suka ce ba za su tura kowa ba sai sun ga hoto daga sama, su san inda ƙasa ta rage. Minti tara kacal muke da shi na aika wa tauraron umarni idan ya gifta. In muka rasa, sai gobe.

Tauraro agogon duniya yake bi, mu kuwa muna gaba da shi da awa ɗaya, sai dai da azumi a mayar da agogon ƙasa baya su daidaita. Ni na rubuta lokacin a allo, hankalina yana gida. Na ƙara awa ɗaya yadda hannuna ya saba, na sa sha biyu da minti goma. Mutum huɗu suka duba, babu wanda ya ga komai.

Sha ɗaya saura kaɗan Lalla Zhor ta dawo daga wani taro, ta tsaya gaban allon.

"Si Mbarek, wannan da agogon wa?"

"Namu mana, na ƙara awa kamar kullum."

"Kamar kullum? Azumi fa ake, bawan Allah! Tun Lahadi aka mayar da agogo. Tashi min daga kujerar nan!"

Na tashi na ba ta kujerar. Ita ta juya faifan sadarwa, ita ta aika umarnin, saura minti biyu tauraron ya ɓace mana. Da la'asar hoton ya nuna wata tsohuwar hanyar alfadarai da laka ba ta ci ba. Ta nan aka bi aka sauko da mahaifiyata kafin a sha ruwa washegari, ba ta ma gane mutane.

A rahoto Lalla Zhor ta rubuta cewa an gyara kuskuren lokaci. Ba ta sa sunana ba, ba ta sa nata ba, ba ta kuma taɓa yi min gori ba, ko da wasa.

Lalla Zhor, ke ce mai ido a kan lamba, wadda muka raina wa naci muka kuma ci moriyarsa. Na gode, kuma ina jin kunyar daɗewar da na yi ban faɗa ba. Ku da kuka gaji kujerarta, ku duba aikin abokinku ko da zai ɓata rai, in kun tsamo shi kuma ku rufa masa asiri.

Mahaifiyata ta ƙara shekara shida a duniya, har ta goya 'yata ta fari. Kullum tana sa wa alfadarin da ya sauko da ita albarka. Ban taɓa iya gaya mata sunanki ba, Lalla, don sai na haɗa da nawa.