Mota Ta Shanye Ruwan Inna

Haske mai sayar da kopto tana kallon baƙon da tsohuwar motar gidansu ta mace masa a bakin kasuwar Baleyara. Rigarsa ta sha guga, amma hannayensa baƙi ƙirin. Da gani ya daɗe yana kokawa da ita. Igiya ce ke riƙe da ƙofar. A ciki wata tsohuwa tana kwance, ana yi mata fifita.

Yana huci, yana ɗura wa injin ruwan shansu na ƙarshe.

"Yi haƙuri, Inna," yake cewa, ya kasa kallon ta. "In wagga tsinanniya ba ta sha ba, ba mu kaiwa likita."

Haske ta yi tsaki, ta miƙa masa jarkarta.

"Ba tsohuwa ta sha, malam. Waccan ko rijiya ba ta ƙosar da ita."