Ranar da Ɗanmaliki Ya Tare Surukinsa

Duk wanda ya bi hanyar Kankia zuwa Kusada lokacin da ake gyaran kwalbatin nan ya san Ɗanmaliki, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ɗingishi, jar tuta a dama, koriya a hagu. Hannu ɗaya aka bar wa motoci, sai na wannan ɓangare sun wuce sannan na wancan su taso, kuma Ɗanmaliki ne alƙalin wannan rabo.

Mutumin Kafinsoli ne. Da can lebura ne mai baza tsakuwa, har ranar da wani direba mai sauri ya ga jira ɓata lokaci ne, ya kwashe shi da shebur ɗinsa. Ƙafa ta karye, ɗorin kuma bai zauna daidai ba. Da ya warke aka ba shi tuta, ya riƙe ta kamar gadon ubansa. Jami'an kiyaye haɗurra kan zo da safe su kama masu gudu, kowa ya zama salihi. Suna juya baya ƙafar direbobi ta yi nauyi a kan totur, sai a bar Ɗanmaliki da su. Ya tsayar da mai jiniya, ya tsayar da 'yan kai amarya suna guɗa suna zaginsa. Direbobi suka raɗa masa Babu Alfarma.

Mutum ɗaya ake jira a gani: Alhaji Dawuda, direban bas, mahaifin matarsa Lailatu. Tun da aka ɗaura aure Ɗanmaliki bai taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. Ko a kasuwa suka haɗu, takalmi yake cirewa ya durƙusa. Leburori kan tsokane shi, "Ranar da Alhaji ya zo, jar tutar nan da kanta za ta koma koriya."

Ranar ta zo ana cin kasuwar Kankia. Layi ya yi tsawo, leburori na bakin rami, an riga an saki motar shanu daga ɓangaren Kusada. Sai ga Alhaji ya baro layi, ya zarce kowa yana danna hon, ya leƙo.

"Kai, ni ne. Buɗe mani."

Ɗanmaliki ya cire takalmi a kan kwalta mai zafi, ya durƙusa daidai gaban bas ɗin, kai a sunkuye. Hannun dama kuwa na sama, jar tuta na kaɗawa.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. Kauce."

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Na ce..."

"Ya mutanen gida? Ya Inna da ciwon gwiwa?"

"Da sauƙi! Kai, wai mi ke damunka?"

"Madalla. Ya damina? Geron ya yi kai? Akuyar nan ta haihu kuwa?"

To, ba a taka suruki yana gaisuwa, kuma dattijo ba ya ƙin amsawa a gaban jama'a. Fasinjoji suka kece da dariya. Wata tsohuwa mai ƙwaryar nono ta ce, "Amsa mashi, Alhaji. Ko so kake ka sa ɗiyarka takaba da hannunka?"

Alhaji ya fusata. "In ba ka tashi ba, yau Lailatu gidana za ta kwana!"

Kowa ya san Alhaji ba ya magana biyu, kuma kowa ya san yadda Ɗanmaliki ke ji da Lailatu. Bai ɗago kai ba. Tutar ma ba ta sauko ba.

"Ɗiyarka ce, Baba, kai ke da iko da ita. Amma hanyar ga ba tawa ba ce balle in yi kyauta da ita. Akwai 'ya'yan mutane a bayana."

Yana rufe baki motar shanu ta kunno kai, ta wuce tana huci, daidai inda bas ɗin zai kasance da an buɗe masa. Tsohuwar ta yi salati. Ɗanmaliki ya ɗaga koriya, amma ga motar farko ta layi.

"Baba, a yi haƙuri. Layin daga can baya ya faro."

Alhaji ya koma da baya, yana faɗin abubuwan da ba zan rubuta ba.

Da yamma Alhaji ya aika a gaya wa Lailatu ta tattara kayanta. Ita kuwa ta ji labari tun kafin la'asar. Ta ce a gaya wa Baba tana gaishe shi, in zai zo ɗaukarta ya zo, amma ya bi layi.

Bai zo ba. Har aka gama aikin, Alhaji a layi yake tsayawa tun daga nesa. In an tambaye shi sai ya ce shi ba tsoron tuta yake ba, gaisuwar ce ba zai iya sake ɗauka ba.