Kwandon Goggo a Kife

Matar baffana ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga wani ɗan tsibiri a tsakiyar teku ya auro ta, lokacin da yawon fatauci ya kai shi can. Ya kawo ta Mubi, ya ajiye ta a Nassarawo, ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika. Goggo muke ce mata. Da aurena ya mutu na kwaso keken ɗinkina na dawo gidan, muka zama mu biyu.

Sau ɗaya a shekara, farkon damina, Goggo ba ta hura wuta. Da sassafe za ta fito da wani ƙaƙƙarfan kwando da ta saya wurin matan Gella, ta kife shi a ƙofar gida, ta zauna a kai har rana ta take tsaka. Gida ba hayaƙi, tsohuwa a waje ta yi tagumi, ai sai maƙwabta su fara sallama suna tambayar wa ya rasu. Ni abin haushi yake ba ni. Mutum ba shi da ikon zama a ƙofar gidansa sai an yi masa ta'aziyya?

Wata rana ina ɗinki na tambaye ta dalilin wannan zama. Ta ce tana budurwa, su ne masu dakon koko, wanda ake yin cakulan da shi, zuwa bakin jirgin ruwa, Turawa na mulkin tsibirin. Ran nan matan suka ƙi ɗauka. Suka kife kwandunansu, suka zauna bibbiyu, baya da baya, don kada 'yan sanda su shammaci kowa ta baya, suna cewa a ba su ƙasarsu. Sun sha duka, amma ba wadda ta tashi. 'Yancin ya zo daga baya, tana Mubi, a rediyo ta ji. Ita dai ranar zaman ce tata, kuma can gida har yanzu mata na yin ta.

"To me ya rage, Goggo? Ba ga shi kina yi ba?"

"Ba a yin shi mutum ɗaya," in ji ta. "Sai da baya."

Ashe shekara da shekaru tana neman wadda za ta jingina da ita. Ta roƙi maƙwabciyarmu, 'yar Mugulbu mai sayar da gyaɗa, mace mai kirki. Matar ta dafe ƙirji ta ce da irin Hausarta, "Goggo, ni ba zai juya maka baya ba. Mun yi faɗa ne?" Haka kowa. A wurinmu juya wa mutum baya gaba ce, balle tsohuwa, balle a bainar jama'a. Sai Goggo ta riƙa jingina da bango.

Shekarar da ta biyo na kife nawa kwandon na zauna. Na ji ƙasusuwan bayanta ɗaya bayan ɗaya, da numfashinta yana ɗaga ni yana saukewa. Can na ji bayan yana rawa, na san kuka take, ban waiwaya ba, don ta ce ba a waiwayawa. Masu wucewa suka yi ta kallo. Kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa na daina magana da matar baffana. Na ce su ci kansu.

Mun yi ta yi tare har bayan nata ya zama ba nauyi. A zamanmu na ƙarshe ta ce, "In na tafi, kada ki bar shi." Na ce ba zan bari ba. Ban tambaye ta da wa zan yi ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ban taɓa ganin teku ba. Ruwan da na sani bai wuce mayo, kogin garinmu, ba, shi ma rabin shekara yashi ne. Amma bana ma na fito da kwanduna biyu na kife. Kewar Goggo ta cika ni, gidan ya yi mini faɗi. 'Yar Mugulbu ta fito da tiren gyaɗarta, ita ma yanzu ta tsufa. Na ce, "Don Allah ki zauna da ni, ko na ɗan lokaci."

Ta sauke tiren, Allah Ya saka mata. Ta ja kwandon Goggo, ta kawo shi gabana, ta zauna tana fuskantata, ta riƙe mini hannu.

Na yi mata godiya. Na matsa na jingina da bango.