Wata Uku Muna Jiran Nérida Ta Buɗe Ƙofa

Kafin ƙarfe bakwai na safe Nérida Fundora ta riga ta sha ruwan ɗumi da zuma, ta naɗa gyale a wuya ko da garin Cabaiguán yana tafasa, ta cusa jarida da littafi a jaka, ta hau tsohon kekenta. A hanya ba ta gaisawa da baki, hannu kawai take ɗagawa. Baƙo sai ya ce girman kai ne. Mu da muka san ta mun san tattalin murya take yi, don da ita take aiki. Muryar nan ce muka kusa rasawa a bana, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da ban saba riƙe komai ba sai ganyen taba da wuƙa.

Mu ɗari da ashirin ne a zauren naɗin taba, kowa da teburinsa, da katakon da yake naɗi a kai, da wuƙar yankan ganye. Hannu yana aiki, kunne kuwa yana zaman banza, shi ya sa tun zamanin kakanninmu ake ɗaukar mai karatu. Shekara talatin da uku Nérida ce tamu. Takan hau dandamali ta karanta mana jarida da safe, da hantsi da kuma bayan abincin rana ta buɗe littafin da mu da kanmu muka zaɓa da ɗaga hannu. In karatu ya yi daɗi ba ma tafi, hannu ba ya da sarari. Wuƙa muke bugawa a kan katako, zaure ya ɗauka gaba ɗaya. In bai yi daɗi ba kuwa, za ta ji shirun da ya fi zagi ciwo.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, kowane littafi sau biyu take karanta shi. Sai ta bi shi a gida da fensir, ta ja layi inda za ta ja numfashi, ta tambayo ma'anar kalmar da ta shige mata duhu, ta zaɓa wa kowane mutum na cikin labarin muryarsa. Ranar da Marisel ta layi na biyu ta haihu, babi huɗu suka wuce ta. Ranar Lahadi sai ga Nérida a bakin gadonta da littafi, jariri yana tsotso tana karantawa. Babu wanda ya aike ta.

Mahaifinta manaɗin taba ne a wannan zauren. Da girma ya koyi rubuta sunansa, littafi kuwa da kunne ya san shi. Duk wanda aka gama karanta musu sai ya juya katakonsa ya yi tsaga ɗaya da wuƙa a bayansa. Da ya rasu aka ƙirga tsaga ɗari uku cif. Nérida tana da shekara ashirin da bakwai ta hau dandamali da wannan lamba a ranta: littafi ɗari uku ita ma, da muryarta, a wannan zauren, kafin ta sauka. Teburin uban nata da katakon kuwa tsoho Evelio ne ya gaje su, wanda ya koyi naɗi a gefensa. Yau shekararsa saba'in da ɗaya, kuma har gobe "yarinya" yake ce mata.

Shekara tara da suka wuce ta buɗe shafi a intanet. Duk Asabar da hantsi za ka gan ta a bencin dandalin gari, inda ake samun layin intanet, tabarau a kan hanci, tana danna waya da yatsa ɗaya kamar kaza tana tsintar hatsi. Kowane littafi da lambarsa. Amma ba ra'ayinta take cika shafin da shi ba, namu take rubutawa. "Na ɗari biyu da sittin da ɗaya: Evelio ya ce marubucin bai taɓa jin yunwa ba, in da ya taɓa ji, da bai bar mutumin nan ya tashi ya bar rabin wake a kwano ba." Wani matashin marubuci daga gabashin ƙasar ya ga yadda muka yi kaca-kaca da littafinsa, ya hau mota takanas ya zo ya ji da kunnensa. Odalys, wadda bakinta ya fi wuƙarta kaifi, ta ce masa, "Ɗan'uwa, matar da ka kashe a babi na tara me ta yi maka? Kuɗinka ta ci?" Ya tafi da kunya da kuma taba guda uku a aljihu. Littafinsa na biyu sau shida muka buga masa wuƙa.

Ke ce kika sa, Nérida. Ke ce kika ɗauki maganar mutanen da hannunsu ke warin ganye kika ajiye ta inda duniya za ta gani, ba ki gyara mana baki ba, ba ki kuma yi mana dariya ba.

A watan Maris muka zaɓi na ɗari uku. Labarin wata mata ce mai suna Amparo, wadda ƙanenta ya hau jirgin ƙasa ya tafi saran rake bai dawo ba, ta yi shekara goma sha tara tana nemansa gari gari. Lokacin wutar lantarki tana ta wasa da mu, lasifika ta mutu, Nérida ta yi mako uku tana cika zauren da zallar maƙogwaro. Mun ji muryar tana dushewa. Laifinmu ne, labarin ya yi mana daɗi, babu wanda ya ce ta huta.

Ranar wata Laraba, saura shafi arba'in, Amparo ta isa wani gida mai shuɗiyar ƙofa a bayan gari. Nérida ta karanta, "Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa." Ta buɗe baki don layi na gaba, iska kawai ta fito. Ta kurɓi ruwa ta sake gwadawa. Babu.

"Haba goggo, kar ki yi mana haka," in ji Odalys. "Wa ke ciki?"



Likita a Santa Clara ya ce tsiro ne a maƙogwaro, sai an cire an auna a ga irinsa. Bayan aiki kuma mako shida ba magana, ko raɗa. Da ɗiyarta ta tambaye shi ko muryar za ta dawo, ya ce ba ya alƙawarin abin da ba ya hannunsa. Akwai kalmar da duk muka yi tunani, babu wanda ya furta ta. Daga baya Nérida ta rubuta a shafinta cewa ba wuƙar likita ce ta hana ta sukuni ba. Tunanin ta tsaya a ɗari biyu da casa'in da tara da rabi ne, da mutum ɗari da ashirin da ta bari a bakin ƙofa.

Shugaban zaure, mutumin kirki ne ba laifi, ya ce a sami wani ya ƙarasa shafi arba'in ɗin, ai ba wani abu ba ne. Evelio ya ajiye wuƙarsa ya miƙe, abin da ba ya yi sai zai je ban ɗaki.

"Wadda ta kai mu bakin ƙofa ita za ta buɗe," ya ce.

"Tsoho, in kuma muryar ba ta dawo ba fa?"

"Sai Amparo ta yi ta tsayuwa. Shekara goma sha tara ta yi tana jira, mu wata nawa muka yi?"

Aka ɗaga hannu, ko mutum ɗaya bai saɓa ba. Takardun ritayar Evelio sun riga sun fito tun farkon Afrilu, jikokinsa har sun sayi alade don biki. Ya ninke takardun ya jefa a aljihun tebur, ya ɗora littafin a kansu ya kulle, ya rataya makullin a wuya.

Kada ku ɗauka duk waliyyai ne mu. Mako na biyu aka kama Odalys a ɗakin karatu na gari da wani kwafin littafin a hannu. "Ni fa ban buɗe ba! Riƙewa kawai na yi in ji nauyinsa!" Kwana uku babu wanda ya miƙa mata kofi. Da wannan bai yi ba, ta dafa miyar kaza ta kai wa marar lafiya, don kowa ya san Nérida ta riga ta karanta ƙarshen a gida. Ta zauna ta marairaice, "Goggona, rubuta min a allon nan, harafi ɗaya kawai, rantsuwa ba zan faɗa wa kowa ba." Nérida ta ɗauki alli ta yi rubutu a hankali ta juyo allon. "Miyar ta yi gishiri."

A wannan shirun ne shafin ya zama bakinta. Tana rubuta abin da take karantawa a kwance, mu kuma da ba mu taɓa leƙawa ba muka fara amsa mata. Rabin zaure sun ce ƙanen ne zai buɗe ƙofar, wasu suka ce matarsa ce da baƙin kaya. Har wata malamar makaranta daga Peru, da ba mu san ta ba, ta rubuto cewa tana da littafin a gida amma ta rufe shi, za ta jira tare da mu.

Ranar da sakamako ya fito ina tsakiyar naɗi. Ɗiyarta ta shigo da gudu ba ko sallama, ta tsaya a gindin dandamali tana haki. "Ba shi ba ne! Likita ya ce ba mugun ba ne!" Ni dai na san ganyen da ke hannuna ya lalace, don na matse shi ban sani ba. Marisel ta kifa kai a tebur tana kuka tana dariya. Kai, rabona da in ji kafaɗuna sun sauka haka har na manta.

Litinin ta biyu a watan Yuni ta jingina kekenta a inda ta saba. Ta rame, gyalen ya yi mata yawa. Evelio ya ciro makulli daga wuya ya miƙa mata littafin.

"Yarinya, a hankali. Ba mu da sauri."

"Kai ne ba ka da sauri, tsoho," ta ce. "Aladen jikokinka ya kusa tsufa."

Maganarta ta farko da muka ji ke nan cikin wata uku. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kaushi kaɗan, amma tata ce. Ba ta kai ga buɗe littafin ba zaure ya kaure da bugun wuƙa, sai da ta ɗaga hannu ta roƙe mu. Ta gyara tabarau ta koma layin da ta tsaya. "Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa." Ta ja numfashi, mu ma muka ja. Sai ƙofa ta buɗe.

Wanda ke ciki? Ba za ku ji a bakina ba. Wata uku na yi ina jira, ku ma ku nemi littafi ku sha wahalarku. Abin da zan faɗa kawai, hasashen Odalys bai ci ba, kuma har yau tana cewa marubucin ne ya yi kuskure.

Shafi goma goma likita ya yarda mata a rana, don haka ranar Alhamis ta rufe bangon baya. Da bugun wuƙa ya lafa, Evelio ya share ganyen da ke gabansa, ya ɗaga katakonsa ya juya shi. A sama ga tsagar mahaifinta, ta yi baƙi don tsufa. A ƙasa ga wasu layuka, tsaga ɗari biyu da casa'in da tara. Shekara talatin da uku yana yi, ko ita ba ta sani ba.

Ya juya wuƙar ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Ta ƙarshen taki ce, yarinya. Kusa da na babanki."

Ta karɓa ta yi tsagar, ta fito a karkace. Babu wanda ya buga wuƙa a wannan karon, don hawaye ya hana kowa gani sosai.

Nérida, uwar zaure, mun gode. Ke ce kika karanta mana cikin zafi, cikin rashin wuta, da ranar da kika binne mijinki kika dawo bayan kwana tara don kin bar mu a tsakiyar babi. Mun gode da muryar da kika ƙarar a kanmu, mun kuma gode wa Allah da ya bar miki saura ki yi wa jikokinki faɗa da ita.

Ku kuma masu karanta wannan, ba sai kun ce ɗari uku ba. Ku yanke wa kanku lamba, ku rubuta ta inda ido zai gani, ku sami wanda ido ko lokaci ya hana shi karatu ku karanta masa. Nérida ta sauka daga dandamali, amma Asabar ɗin da ta wuce na gan ta a bencin dandali tana danna waya da yatsa ɗaya. Ta buɗe sabon jeri a shafin. Ba nata ba ne. Evelio ne ya je gidanta da littafi a hammata, ya ce shi burinsa guda ɗaya ne tak, ya karanta littafi da idonsa daga bango zuwa bango kafin ya mutu. Ta rubuta masa lamba ta ɗaya. Yana shafi na goma sha huɗu, kuma ya ce duk wanda ya faɗa masa ƙarshen sai ya gamu da shi.