Yadda na cinye shimfiɗar buɗa-bakin mamata

A unguwar Ƙurban aka haife ni, a birnin Annabi, kusa da masallacin Ƙuba. Karatuna bai yi nisa ba aka yi mini aure. Maigidana yana aiki a Yanbu, sai ƙarshen mako yake zuwa. Daga ni sai 'yata Hanan, tana tatata a lokacin. Ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Matar wana ce ta sa ni a wani guruf na waya, wai ana koyar da obshin. Ba hannun jari kake saya ba, zato kake saya: wannan zai tashi ko zai faɗi kafin Juma'a. In ka dace kuɗi su ninka, in Juma'a ta wuce bai motsa ba sun ƙone. Mai koyarwar yakan ce mu nemi wanda farashinsa ke tsalle-tsalle, musamman in kamfani zai faɗi ribarsa. Na farko na ci. Da ma ban ci ba.

Kuɗin cefane suka tafi, warwarona suka bi su. Kasuwar Amurka bayan la'asar take buɗewa. Hanan na jan zanena tana kuka, ni ina ture ta da ƙafa, idona na kan kore da jan farashi a waya. Tir da ni.

Da azumi ya gabato, dangin mahaifiyata na Damagaram suka fara aiko kuɗi a yi wa mamatansu sufura a masallacin Annabi, wato shimfiɗar buɗa-baki: dabino, burodi, nono. Na ce ina da wurin shimfiɗa a masallacin. Ba ni da shi. Na zuba kuɗin duka a obshin ana gobe wani kamfani zai yi sanarwa. Farashin ya tashi kuwa, amma kuɗina suka narke. Da na tambaya aka ce ai da tsada na saya, lokacin da kowa ke rububi. Sai na riƙa zuwa Harami ina ɗaukar hoton sufurar wasu ina turawa, tsofaffi suna ta sa mini albarka.

Goman ƙarshe sai ga Hajiya Delu, yayar mahaifiyata, ta zo umra. Ta ce, "'Yar nan, kai ni in sha ruwa a shimfiɗar Alhaji." Mijinta ne, bara ya rasu. Na kai ta wurin da nake ɗaukar hoto. Ta zauna, ta fara raba dabino tana cewa a yi wa Alhaji addu'a.

Mai sufurar ta dube ta, ita ma Bahaushiya ce, ta kira ta hala, wato inna da Larabci. "Wane Alhajin, ya hala? Wurin nan tun kakata muke shimfiɗa a cikinsa."

Hajiya ta mayar da dabinon da ke hannunta. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Har da matattu, 'yar nan?"

Sauran dangi suka kai ƙara, aka ɗaure ni. Hanan ta koma hannun uwar mijina. Abin da ya fi cina a kurkuku shi ne ko za ta tuna ni. Sai da maigidana ya sayar da motarsa aka biya mutane na fito.

Ranar da na dawo na durƙusa na ce, "Zo, Mama ce." Ta laɓe bayan kakarta, ta tambaya da Larabci wace ce wannan matar.

Na tuba, ina roƙon Allah gafara. Ku 'yan'uwana matasa, duk wanda ya ce ku sa kuɗi a abin da ba za ku iya bayyana wa iyayenku ba, ku fita daga guruf ɗinsa yau. Caca ce aka sa wa riga. Kuɗin amana kuwa, ko da niyyar mayarwa gobe kada ku taɓa. Ni ma niyyar da na yi ke nan.

Yanzu Hanan tana yarda in yi mata kitso. Amma har yau hala take ce mini, yadda ake ce wa kowace baƙuwa.