Hannun da Na Tare Baba da Shi

Jiya jikata ta narka man shanu a murhu, sai ƙamshin ya tuno mini da Baba, maɗorin garinmu, a can Dogarawa.

Lokacin motocin siminti sun fara fitowa daga Malbaza, ni kuwa ina tashen kokawa. Wani ɗan Bazaga ya ka da ni, kafaɗata ta dama ta goce. Baba ya mayar da ita, ya yi ta gasa mini da tsumma mai zafi, yana murza man shanu da tafinsa mai kaushi. Kafaɗa ta warke, amma na ƙi ɗaga hannun. Kullum yana manne da haƙarƙarina, har na fara tunanin noma ma ya ƙare mini.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Da kaka ta yi, ya hau tsanin rumbunsa ya ce, "Ɗana, miƙo mini hatsin nan." Ina miƙawa da hagu, yana karɓa. Can sai na ga ƙafarsa ta zame, ya taho gaba ɗaya. Ban san sa'ad da na cafe shi ba.

Yana rungume a ƙirjina, ba nauyi, sai warin hayaƙi da man shanu, ya ce, "Da wane hannu ka tare ni?"

Na duba. Na dama ne.

Har ya rasu bai gaya mini ko da gangan ya faɗo ba. Allah ya tare shi da rahama, ya sa ƙasa ta yi masa taushi.